Ƙarin garanti ga tsohuwar mota: me ake saya, kuma wa yake amfana?

Mutane sun rage saurin canza mota. Tsadar sabuwa da tsadar bashin banki sun sa mai mota yana riƙe tasa har ta tsufa a hannunsa. A Amurka, alƙaluman kamfanin S&P Global Mobility sun nuna cewa a 2024 matsakaicin shekarun motocin da ke kan titi ya kai 12.6, a Tarayyar Turai ma ya haura 12. Mota mai irin waɗannan shekaru ta daɗe da fita daga garantin kamfanin da ya ƙera ta, kuma a wannan giɓin ne kasuwar sayar da ƙarin garanti ta bunƙasa. Dillali yana tallata shi daidai lokacin da ake sa hannu a takardun ciniki, wasu kamfanoni suna tallata shi a talabijin da intanet, wasu kuma ta waya suke bin mutum.

Kan masu motoci ya rabu a kansa. Wani zai ce shi ne ya rufa masa asiri ranar da giyar motarsa ta mutu. Wani kuma zai ce ya yi shekaru yana biya, amma ranar da ya kai kukansa sai aka nuna masa wani layi a takarda aka sallame shi. Dukansu gaskiya suke faɗa, kuma bambancin da ke tsakaninsu yawanci tun ranar sa hannu aka ƙulla shi.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Na farko shi ne garantin kamfani, wato alkawarin da kamfanin da ya ƙera mota ya ɗauka cewa duk aibin da ya samo asali daga ƙira zai gyara shi kyauta na wani lokaci. Kuɗinsa yana cikin kuɗin motar. A Amurka kamfanoni da dama, ciki har da Toyota da Honda da Ford, suna ba da shekara 3 ko mil 36,000 a kan motar gaba ɗaya, da shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya, duk wanda ya riga cika. Hyundai da Kia suna ba da shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya, sai dai wannan na mai ita na farko ne, idan ta canza hannu sai ya sauko zuwa shekara 5 ko mil 60,000. A Turai kuwa garantin Kia na shekara 7 yana bin motar ko da an sayar da ita.

Na biyu shi ne haƙƙin da doka ta bai wa mai saye ko ba a rubuta ba. A Tarayyar Turai wanda ya sayi kaya a hannun ɗan kasuwa yana da kariyar shekara 2, a kan kayan hannu kuma wasu ƙasashe sun yarda a rage ta, amma ba ƙasa da shekara 1 ba. A Birtaniya dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba da kwana 30 na mayar da kaya mai aibi, har da motar hannu da aka saya a wurin dillali. Wannan kariya ba ta shafi cinikin da aka yi tsakanin mutum da mutum ba.

Na uku shi ne wanda ake kira ƙarin garanti. Shi kwangila ce ta daban, da kuɗinta daban: mai mota ya biya yanzu, wani kamfani ya ɗauki alkawarin biyan wasu gyare-gyare idan sun taso. Dokar garanti ta Amurka ta 1975, wadda aka fi sani da Magnuson-Moss, ta raba shi da garanti na ainihi, ta kira shi kwangilar gyara. A aikace ya fi kama da inshora. Wannan bambanci yana da nauyi, domin mai saye da yawa yana zaton alkawarin kamfanin motar ne aka tsawaita masa, alhali sau da yawa wani kamfani ne da bai taɓa ƙera ko ƙusa ɗaya a jikinta ba.

Yadda tsohuwar mota take lalacewa

Lalacewar mota iri biyu ce. Akwai ta aibin ƙira, wadda galibi take bayyana da wuri, lokacin da garantin kamfani yake aiki. Akwai kuma ta cinyewa, wadda take zuwa da shekaru da tafiya: roba ta bushe ta tsage, ƙarfe ya goge, kuloci ya cinye, baƙin mai ya fara ɗiga ta gasket, tsatsa ta kama salansa, wayoyin lantarki su yi rauni saboda zafi. Mota mai shekara 10 zuwa sama, mafi yawan kuɗin da take ci na wannan iri na biyu ne.

To, a nan gizo yake saƙar. Kusan kowace kwangilar ƙarin garanti an gina ta ne a kan abin da take kira lalacewa ta farat ɗaya, wato wani sashe ya daina aiki kwatsam. Abin da ya cinye a hankali saboda tsufa, yawancinsu sun cire shi ƙarara. Taya da batir da takalmin birki da kuloci da fulogi da bel da tiyo ba sa ciki, kuma babu mai jayayya a kan wannan. Rigimar tana tasowa ne a kan manyan sassa. Idan giya ta daina kamawa a mota mai kilomita 200,000, mai ita zai ce jiya lafiya ƙalau take, yau ta mutu. Mai binciken kamfani zai buɗe ta ya ga ɓurɓushin ƙarfe a cikin mai, ya ce ai ta daɗe tana cinyewa. Maganar kowannensu tana da tushe, amma wanda ya rubuta kwangilar shi ne zai fara yanke hukunci.

Don haka yayin da buƙatar kariya take ƙaruwa da tsufan mota, kariyar da ake sayarwa raguwa take yi, kuɗinta kuma yana hawa. Tsarin da ya fi faɗi ana ware shi ne ga motoci masu ƙarancin shekaru da tafiya. Tsohuwa sau da yawa abin da ya rage mata shi ne tsarin inji da giya kawai, wasu kamfanonin ma ba sa karɓar motar da ta wuce wasu shekaru ko wani adadin kilomita.

Lissafin mai sayarwa

Kamfanin da yake sayar da wannan kwangila dole ne kuɗin da ya tara ya biya gyare-gyare, ya biya kamashon dillali, ya biya ma'aikata da talla, sannan riba ta rage. Ma'ana idan aka haɗa masu saye gaba ɗaya, abin da zai dawo musu a gyara ba zai kai abin da suka zuba ba. Wannan ba zamba ba ce, haka kowace inshora take tafiya. Abin dubawa shi ne girman tazarar, kuma a ƙarin garantin da ake sayarwa a wurin dillali, rabon dillalin yakan yi kauri. Shi ya sa farashin da aka fara faɗa ba shi ne na ƙarshe ba, ana taya shi kamar yadda ake taya motar.

Akwai kuma batun wanda ya san abin da ɗan'uwansa bai sani ba. Masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya samu kyautar Nobel a 2001, ya yi bayani tun 1970 a kan yadda kasuwar motocin hannu take gurɓacewa idan ɓangare ɗaya ya fi ɗayan sanin halin kaya. A nan rashin sanin ta fuska biyu yake. Kamfani yana da bayanan dubban motoci, ya san wace ƙira ce giyarta take mutuwa da wuri, ya san kuɗin gyaranta, kuma da wannan yake yanka farashi. Mai mota shi kuma ya san ƙarar da injinsa ya fara yi da safe. Waɗanda suka fara jin irin wannan ƙarar su ne suka fi gaggawar sayen kwangila. Kamfani ya san da haka, sai ya kare kansa: ya ɗaga farashi ga kowa, ya sa wa'adin jira, galibi kwana 30 da tafiyar mil 1,000 kafin kwangila ta fara aiki, ya kuma cire duk matsalar da ta riga ranar saye. Wanda motarsa take da lafiya kuma yake kula da ita, shi ne yake ɗaukar nauyin wannan tsaron da ba dominsa aka yi ba.

Darajar motar ma tana shiga lissafi. Kwangiloli da yawa sun ce jimlar abin da za su biya ba za ta wuce darajar motar a ranar da ta lalace ba. A ɗauka, don misali kawai, darajar mota kashi 100 ce yau, kwangilar shekara 3 ta ci kashi 30. Nan da shekara 2 darajar ta sauko zuwa 70. Ke nan mutum ya biya 30 tabbas don ya kare abin da bai wuce 70 ba, kuma sai idan lalacewar ta faɗo cikin abin da aka rubuta. A mota mai tsada wadda ba ta tsufa sosai ba, wannan ma'auni yana da sauƙi. A tsohuwa mai araha yana da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Abin da takarda ta ce

Kwangilolin iri biyu ne, kuma wannan ne abu na farko da ya kamata a gane. Wata tana lissafa sassan da ta ɗauka, duk abin da ba a ambata ba babu shi. Wata kuma tana lissafa abin da ta cire, duk abin da ba a cire ba yana ciki. Ta biyun ta fi kariya nesa ba kusa ba, domin mota tana da sassa dubbai, kuma jerin sunaye komai tsawonsa yana barin da yawa a waje. Sunayen talla irin su zinariya ko azurfa ba sa nuna komai, kowane kamfani da abin da yake nufi da su.

Sai batun ɓarnar da wani sashe ya jawo wa wani. Misalin da ya fi yawan faruwa shi ne tiyon lagireto ya fashe, ruwa ya tsiyaye, inji ya yi zafi ya buga. Inji yana cikin kwangila, tiyo ba ya ciki. Kwangiloli da dama sun ce idan sashen da ba a ɗauka ba ne ya jawo lalacewar, to ba ruwansu. Haka idan bel ɗin da ke daidaita tafiyar inji ya tsinke bayan ya wuce lokacin canji. Kuma idan aka ga alamar direba ya ci gaba da tuƙi bayan fitilar gargaɗi ta kama, wannan kaɗai ya isa a ƙi biya.

Shaidar sabis ita ce ta fi kayar da masu tsofaffin motoci. Kwangila tana wajabta juyen baƙin mai da sauran sabis a kan lokacin da kamfanin motar ya tsara, kuma ranar neman biya za a nemi rasit. Wanda yake yin sabis da kansa, ko a wurin bakaniken da ba ya rubuta komai, yana iya rasa haƙƙinsa duk da cewa bai taɓa sakaci ba. Wanda ba shi da al'adar ajiye takardu, ya sani cewa kariyar da ya saya rabi ce.

Ko an amince za a biya, ba lalle a biya duka ba. Akwai kason farko da mai mota yake biya daga aljihunsa, wani a kan kowace zuwa gareji, wani a kan kowane gyara, kuma idan abu uku suka lalace a rana ɗaya bambancin yana da yawa. Wasu kamfanonin sun ƙayyade kuɗin aikin bakanike a kowace awa, idan garejin ya fi haka tsada cikon na mai mota ne. Wasu suna da damar sa kayan gyara na hannu ko waɗanda aka sabunta. Wasu, musamman a Birtaniya, suna rage kason da za su biya na kuɗin kaya gwargwadon kilomitar motar, bisa hujjar cewa sabon sashe a tsohuwar mota ya ƙara mata daraja. Sannan kafin a taɓa motar sai an nemi izini. Idan sai an kwance inji kafin a gano matsalar, mai mota ne zai ba da umarnin kwancewa, idan kuma aka ƙi biya daga baya, kuɗin kwancewa da mayarwa a wuyansa suke. Motar haya ko ta kai saƙo, da wadda aka sauya wa wani abu a inji, galibi ba sa ciki sai da tsari na musamman.

Wa zai biya ranar da ta mutu

Sau da yawa hannu uku ne a cikin cinikin: mai tallatawa, mai kula da buƙatun biya, da kamfanin inshorar da ya tsaya musu. Wanda ya yi wa mutum daɗin baki a waya ba shi ne zai ɗaga waya ranar da mota ta tsaya ba. Idan kamfanin da alhakin biya yake kansa ya durƙushe kuma babu inshora a bayansa, takardar ta zama banza. Hakan ya faru. Kamfanin US Fidelis, wanda ya kasance cikin manyan masu tallata irin wannan kwangila a Amurka, ya durƙushe a 2010, kuma masu shi sun ƙare a kurkuku. A Yulin 2024 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta sanar cewa CarShield, wani kamfanin tallata irin wannan kwangila, da kamfanin da yake kula da kwangilolinsa za su biya dala miliyan 10 don sasanta zargin talla mai yaudara. A Agustan 2023 kuma hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta ci wani gungu tarar kusan dala miliyan 300 saboda kiran waya na na'ura fiye da biliyan 5 da suka yi cikin wata uku suna tallar garantin mota.

Dokoki sun bambanta daga wuri zuwa wuri. A jihar Kalifoniya dillalin mota ne kawai yake iya sayar da kwangilar gyara, wanda zai sayar kai tsaye ga jama'a sai dai ya sayar da ita a matsayin inshora a ƙarƙashin hukumar inshorar jihar. A Birtaniya wasu tsare-tsaren inshora ne na sosai, mai ƙorafi yana da hukumar sasanci da zai je, wasu kuma an rubuta cewa biya yana bisa ganin damar kamfani. Duk mai tallar da ya ƙi ba da cikakkiyar kwangila a karanta sai an biya tukuna, cinikin biri a sama yake nema, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin ajiye waya.

Hujjar kowane ɓangare

Masu suka suna kafa hujja da lissafi. Mujallar Consumer Reports ta Amurka ta tambayi masu karanta ta a ƙarshen 2013, ta gano cewa kashi 55 cikin 100 na waɗanda suka sayi ƙarin garanti ba su taɓa amfani da shi ba, kuma ko a cikin waɗanda suka yi amfani da shi, a matsakaici gyaran da aka yi musu bai kai abin da suka biya ba. Shawararsu ita ce mutum ya ware kuɗin a asusu na daban. Wannan asusun ba ya cire taya ko birki, ba ya neman rasit, kuma idan motar ba ta lalace ba kuɗin yana nan.

Masu goyon baya suna cewa rashin amfani da kariya ba shi ne asara ba, domin wanda gidansa bai ƙone ba ba ya cewa inshorar gobara ta cuce shi. Suna kuma nuni da yadda gyara ya sauya. Motar zamani tana ɗauke da kwamfutoci da na'urorin ji da gani da yawa, giyarta mai sarrafa kanta tana da wuyar buɗewa, abin da a da ake gyarawa yanzu sai dai a canza shi ɗungurungum. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta lokaci: asusun da ake tarawa a hankali ba ya da amfani idan giya ta mutu a wata na uku, kuma mutane da yawa suna niyyar tarawa amma buƙatun gida su cinye kuɗin.

Idan aka auna, masu suka sun fi gaskiya a kan yawancin masu tsofaffin motoci, masu goyon baya kuma sun fi gaskiya a kan wani rukuni ƙarami. Kwatanta shi da inshorar gobara yana da rauni ta wuri ɗaya: gobara tana iya cinye abin da mutum ba zai taɓa iya mayarwa ba, asarar tsohuwar mota kuwa tana da iyaka, wato darajarta.

Wanda zai iya amfana da wanda ba zai amfana ba

Wanda ya fi kusa da amfana shi ne mai motar da ta fita daga garantin kamfani ba da daɗewa ba, mai sarƙaƙiyar na'urori da tsadar kayan gyara, irin manyan motocin alfarma na Turai, wanda kuma abincinsa ya dogara da ita kuma gyara ɗaya babba zai jefa shi cikin bashi mai tsada. Shi ma sai idan kwangilar mai lissafa abin da ta cire ce, kuma kamfanin motar ne da kansa ko wani kamfanin inshora sananne ya tsaya mata. Abin takaici a cikin tsarin shi ne wanda ya fi buƙatar kariyar, wato mai ƙaramin ƙarfi da motar da ta tsufa ƙwarai, shi ne ake sayar wa mafi ƙunci a farashin da ya fi yi masa nauyi. Idan kuma aka cusa kuɗin kwangilar cikin bashin mota, zai biya ruwa a kansa, wani lokaci ma kwangilar ta ƙare bashin bai ƙare ba.

Mai motar da aka sani da juriya, mai sauƙin ƙira da wadatar kayan gyara, wanda yake da bakaniken da ya amince da shi da ɗan abin da ya ajiye, da wuya ya ci ribar wannan ciniki. Haka wanda yake shirin sayar da motar nan kusa, sai dai idan kwangilar tana bin mota zuwa hannun sabon mai ita.

Kafin a biya, da bayan an biya

Ya kamata a fara bincika kariyar da ake da ita kyauta. Kamfanonin mota sukan kira motoci a dawo da su don gyaran aibin da ya shafi rai, ba tare da biyan komai ba, kamar yadda aka yi da jakunkunan iska masu kare mutum a hatsari, ƙirar kamfanin Takata, a motoci miliyoyi. Sukan kuma tsawaita garantin wani sashe da aka gano yana da rauni, kamar yadda Nissan ya mayar da garantin giyar CVT, wani nau'in giya mai sarrafa kanta, ta motocinsa na 2003 zuwa 2010 shekara 10 ko mil 120,000 a Amurka. Da lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 wakilin kamfanin zai iya duba ko akwai irin wannan a kanta. Batirin motoci masu haɗa fetur da lantarki ma yana da garantinsa daban mai tsawo, galibi shekara 8 zuwa sama.

Bayan haka a kai motar wurin bakaniken da ba shi da hannu a cinikin ya duba ta ya rubuta abin da ya gani. Rahotonsa yana nuna ko akwai babban gyara a tafe, kuma idan an sayi kwangilar shi ne shaidar cewa motar lafiya take a ranar. Yana da kyau a tambayi garejin da ake zuwa ko yana karɓar kwangilar wannan kamfani, da yadda kamfanin yake biya, domin kanikawa sun fi kowa sanin wanda yake biya da wanda yake jan ƙafa.

Wanda ya riga ya sa hannu cikin gaggawa bai makara ba. Yawancin kwangiloli suna da wa'adin fasawa, galibi kwana 30 zuwa 60, da ake mayar da kuɗi duka idan ba a nemi biyan komai ba. Bayan wa'adin ana mayar da kason lokacin da ya rage, a cire kuɗin fasawa. A nemi fasawar a rubuce, a ajiye kwafi da kwanan wata da adadin kilomitar motar. Idan kuɗin kwangilar yana cikin bashin mota, abin da za a mayar yawanci wurin mai ba da bashin yake tafiya a rage shi daga abin da ake bin mutum.